Notin Maganeton Malam Bitrus

Ku da kuka shigo sana'ar nan jiya-jiya, gani kuke kwance noti wasa ne. Shekaranjiya ina zaune ina kallo, ɗayanku ya ɗora injin nan mai batir a kan notin keke napep, ya danna, firrr, noti ya faɗo, ya juyo yana yi mini murmushi wai, "Baba, zamani ya canja." To, madalla da zamani. Ni Mala, shekara talatin da ɗoriya ina tsugune gaban inji a Mafoni, nan cikin Maiduguri, gwiwoyina ma shaida ne, kuma ina gaya muku akwai notin da in ka sa masa wannan injin naku, kansa kawai zai miƙo maka, sauran ya yi zamansa a ciki ya bar ka da salati. Ku ajiye wayoyin nan tukuna ku ji labarin guda ɗaya.

Na babur ne, tun lokacin da ake hawa babur a garin nan. Wasunku ba su taɓa buɗe injinsa ba, saboda haka bari in nuna muku da baki. A gefen hagu, in ka cire murfi, za ka tarar da wani kwanon ƙarfe mai nauyi, shi muke ce wa maganeto. Cikinsa maganaɗisu ne a manne, yana juyawa a kan kwayil, daga nan wutar fulogi take fitowa. Noti ɗaya tak ke riƙe da kwanon nan, yana shiga cikin bakin karanshaf, wato sandar da injin gaba ɗaya yake juyawa a kanta. In kwayil ya ƙone, ba ka da hanyar isa gare shi sai ka cire kwano, kwano kuma ba ya fita sai notin ya yarda. In ka juya shi, injin ya biyo ka yana juyawa. In ka yi masa ƙarfi ya karye a ciki, to sai a farke inji ɗai-ɗai, aikin kwana biyu ke nan, in ma an dace an samu wani karanshaf ɗin.

A wajen Oga Kyari na koyi aiki, can bayan Kasuwar Litinin, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu cur ban ɗaure noti ko ɗaya ba, aikina wanke ƙarafa da kananzir da miƙo sufana. In ya ce sufana mai lamba goma ka miƙo sha biyu, ba zai yi magana ba, sai dai ka ji ƙotar sukundireba a tsakar kanka. Shi ya koya mini kulle inji da igiya. Ka cire fulogi, ka toshe ramin da babban yatsa, ka juya inji a hankali har ka ji iska tana turo yatsanka. A nan ne bawul duka biyu, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi, suke rufe. Sai ka zura igiyar auduga cikin ramin, kamu uku ko huɗu, ka bar jelarta a waje. Fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki, yana tasowa zai danne igiyar ya tsaya cak, ba abin da zai ƙwarzane. In ka yi garaje ka zura ta lokacin da bawul yake buɗe, ka lanƙwasa shi, ka ƙara wa mai babur ciwo a kan wanda ya kawo. Ban taɓa ganin Oga Kyari ya cusa sukundireba cikin haƙoran inji don ya tsayar da shi ba, kuma wanda duk ya gani yana yi, ranar zai bar masa rumfa.

Aikin da zan ba ku labari ya zo ne a shekarar da aka hana babur. Dalilin ba sai na tsaya faɗa ba, iyayenku sun sani. Gari ba lafiya, masu ɓarna a kan babur suke zuwa su yi abin da za su yi su ɓace. Sai aka yi sanarwa a rediyo cewa daga wayewar gari, duk babur ɗin da aka gani a cikin gari za a kama. Ranar nan layinmu ya zama kamar tasha. Kowa so yake ya fitar da nasa. Manyan motocin da ke ɗaukar babura zuwa ƙauyuka sun cika tun da sassafe, masu jiran layi sun fi motocin yawa nesa ba kusa ba. Hanyar fita gari kuma bayan la'asar kaɗan ake tare ta, ba shiga ba fita sai gobe, goben nan kuwa doka ta riga ta fara aiki.

Wajen sha ɗaya da rabi na hango Malam Bitrus yana turo nasa. Mutumin wajen Biu ne, dattijo mai sanyin magana. Masinja ne a wani ofis kafin a rage ma'aikata, da abin sallamarsa ya sayi babur ɗin, ɗan China mai jan tanki, yana acaɓa da shi yana ciyar da 'ya'ya biyar. Shekara shida ba wanda ke taɓa masa shi sai ni. Rigarsa ta jiƙe sharkaf, ga jakar kaya ɗaure a baya da roba.

"Oga Mala, sannu da aiki," ya ce, yana haki. "Yau ya ga dama ya ƙi tashi. Tun daga ƙofar gida."

"Daga Bulumkutu ka turo shi? Haba Malam Bitrus, duk makanikan da ke hanya?"

"Kai ka san shi," ya ce. "Biu zan kai shi, can ba a hana ba. In na samu wurin zama, iyali su biyo ni a mota. In ya kwana a garin nan, ni da yaran nan ban san abin da za mu ci ba."

Na ce ya zauna a benci ya huta. Na cire fulogi na jingina shi da jikin inji, na buga kik, ba wuta ko ƙyas. Na sa wani fulogin, haka. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, lafiyarsu lau. Da na sa hanci kusa da murfin hagu sai na ji ƙaurin waya. Kwayil ne. Hankalina bai tashi ba, don ina da wani mai kyau da na cire daga wani babur da ya yi hatsari. Na ce masa aikin rabin awa ne, kafin azahar yana kan hanya. Har dariya ya yi, ya ce Allah ya yi mini albarka.

Na cire murfi, na zura igiya yadda aka koya mini, fistin ya tsaya. Na ɗora soket a kan noti na ja. Ko gezau. Na gyara tsugunno na sake ja har jijiyar wuyana ta tashi. Na ɗauko guduma na bubbuga ƙotar sufanar, don wani notin girgiza yake so, ba ƙarfi ba. Shiru. Na ɗiga masa man birki na bar shi ya sha, na je na ɗaure wa wani sarƙa, na dawo na sake gwadawa. Kamar tare aka ƙera su da karanshaf ɗin. Ana cikin haka aka kira azahar. Na yi salla a gurguje a gefen rumfa, ina sallamewa na ga Malam Bitrus ya bar benci ya dawo ya tsuguna gaban injin yana kallon notin.

Na yi tunanin in sauke injin babur ɗina in ɗora masa, tunda iri ɗaya ne, awa guda ta isa. Shi ya girgiza kai tun kafin in rufe baki. A kowane shinge ana duba lambar inji a gwada da takarda. A kwanakin nan, mutum ya zo da babur mai lambar da ba ta dace da takardarsa ba, ba babur kaɗai zai rasa ba. Ɓoye shi a gida ma ba dabara ba ce, ana shiga gidaje bincike, kuma babur ɗin da ke ƙarƙashin tabarma ba ya kawo cefane. Injin nan dai, shi ne zai tashi ko ya ƙi.

Bukar Dogo ne ya leƙo daga rumfar da ke jikin tawa. Ƙanena ne a sana'a, ƙato, hannunsa kamar faranti, shi a wajensa duk abin da ya ƙi motsi ƙarfi ne bai ji ba. Ya shigo yana jan wani bututun ƙarfe da ya kai tsawon mutum.

"Ya Mala, tun ɗazu nake jin ka kana lallashinsa kamar jariri. Matsa in gaishe shi."

Na ce a'a, a bi a hankali. Malam Bitrus ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dube ni, ya ce, "Oga, bar shi ya gwada. Lokaci yana tafiya." 'Yan acaɓa huɗu ko biyar da ke jiran a duba nasu suka taso suka kewaye mu, kowa da shawararsa. Wani ya ce a sa kurfi a sare kan, wani ya ce a buga shi baya tukuna. Aka rirriƙe babur, Bukar ya zura bututu a ƙotar sufana, ya tofa yawu a tafi, ya fara dannawa.

Ni ina tsugune, yatsana a kan soket ɗin. Wannan ku riƙe shi: notin da zai kwance, yakan yi tauri ne sannan ya saki gaba ɗaya. Wanda zai karye kuwa laushi yake yi, ka ji yana biyo ka kaɗan-kaɗan, in ka sassauta ya koma inda yake. Abin da na ji ke nan a yatsana. Kan yana juyawa, jikin yana tsaye. Na ce Bukar ya dakata. Na zare soket, na goge man birkin da tsumma, na kankare gefen wasa da bakin sukundireba don in ga ko tsatsa ce. Sai wani ɓawo mai ruwan toka ya ɓantaro, mai tauri kamar busasshen ƙanzo. Na murza shi a yatsa, nan take na gane shi.

Gam ne. Irin mai kwalba biyu da ake kwaɓawa ya daskare kamar dutse. Kuma ba sai na tambayi wanda ya sa ba. Shekara uku kafin ranar, wata Juma'a, Malam Bitrus ya kawo babur ɗin yana ƙara a gefen hagu. Notin nan ne yake ta kwancewa, don tiredin bakin ramin, wato zaren da noti ke kamawa, ya cinye. Gyaran gaskiya shi ne a samo noti mafi tsawo da zai wuce wurin da ya cinye ya kama na can ciki. Na ga sai na je Kasuwar Litinin, ga babura jere suna jirana, ga lokacin masallaci ya matso. Na aike shi ya je ya sha shayi, na kwaɓa gam na shafe notin tun daga kai har ƙasa, na ɗaure, na ce kada ya tayar sai gobe. Da ya tambaya, na ce masa na gyara, ba zai sake kwancewa ba. Wannan kam ban yi ƙarya ba. Daga nan na manta da zancen sam.

"Me ka gani?" in ji Bukar. "Matsa mana, saura ƙiris. Na ji ya fara tafiya."

"Karyewa zai yi."

"Wane irin karyewa? Tsatsa ce kawai, yanzu za ta saki." Ya sake ɗora bututun.

Na riƙe hannunsa. Wallahi kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Mutane a tsaye, duk sun san ni, wasunsu ni na koya musu bambancin fulogi mai kyau da na jabu. Sai na juya harshe na gaya wa Bukar da Kanuri, ƙasa-ƙasa, cewa gam ne a ciki, ni na sa da hannuna, ya rufa mini asiri mu ce tsatsa ce mu nemi wuta. Bukar ya saki baki yana kallona. Kafin ya ce uffan, Malam Bitrus ya yi magana daga inda yake tsugune, da Hausa, bai ko ɗaga murya ba.

"Na ji, Oga Mala. Shekarata ashirin da biyu a garin nan."

Wani daga cikin 'yan acaɓan ya ce, "Tabɗi!" ya ja babur ɗinsa ya yi gaba. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, Malam Bitrus ya ɗaga mini hannu.

"Bar wannan. Yanzu mene ne abin yi?"

Abin yi ɗaya ne, zafi. Gam ɗin nan ba ya jin mai, ba ya jin guduma, amma in ya ji wuta yakan yi laushi. Sai dai maganaɗisun da ke cikin kwanon su ma da gam aka manne su tun daga kamfani. In zafi ya kai gare su suka saki, an gama, don ba ni da wani kwanon. Bayan kwanon kuma akwai robar da ke tare baƙin mai. Ana so zafin ya bi ta cikin notin shi kaɗai ya gangara har ƙasa. Na tura a dubo mai walda na ƙarshen layi, aka ce ya rufe tun safe ya tafi kai nasa babur ɗin ƙauye. Wutar lantarki kuwa kwana uku rabonmu da ita.

Mai shayin bakin layi na hango yana haɗa kayansa, don masu shan shayinsa duk 'yan acaɓa ne, ya san kasuwarsa ta tashi. Na ruga na ce ya ara mini kurfotinsa da sauran gawayin. Na sauke tankin mai na kai shi bayan rumfa, na tsiyaye man da ke cikin kafireto. Na jiƙa tsummoki na naɗe kwanon da su, kan notin kaɗai na bari a waje. Na ɗauko tsohon ƙarfen gindin taya guda biyu na cusa bakinsu cikin garwashi. Bukar, Allah ya saka masa, ya ajiye bututunsa ya ɗauki kwali ya hau fifita.

In ƙarfe ya yi ja, sai in ɗauko shi da filaya in danna a kan notin, in riƙe har ya dushe, in mayar in ɗauko ɗayan. Malam Bitrus na riƙe da buta yana ɗiga ruwa a kan tsummokin, in sun fara tururi ya ƙara. Da na yi haka sau biyar, na ɗora soket na gwada, yana nan yadda yake. Sau goma, haka. Inuwar rumfa ta fara miƙewa zuwa titi. Kowane minti sai ka ji babura sun wuce a guje, da katifa da buhu a baya, duk sun nufi hanyar fita. Duk wanda ya wuce sai Malam Bitrus ya bi shi da ido, sannan ya dawo kan butarsa.

Muna cikin haka muka ji jiniya daga wajen kasuwa. A lokacin, taron mutum biyar a kan babur ɗaya, ga wuta ga tanki a gefe, ba abin da kake so a tarar da kai a ciki ba ne. Kafin ka ce me, 'yan kallo sun watse. Motar sintiri ta shigo layin a hankali, ta rage gudu daidai rumfata. Ƙarfe na hannuna, ja zur, a kan noti. In na ɗaga, zafin da muka tara ya tafi, gawayin kuma ya kusa cinyewa. Ban ɗaga ba. Na sunkuyar da kai ina jin idonsu a bayan wuyana, gumi na ɗiga daga hancina yana faɗawa kan ƙarfen yana cuu. Malam Bitrus ya ajiye buta ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce, "Gyara ne, ranka ya daɗe, fita zan yi da shi." Wani daga bayan motar ya daka tsawa ya ce in la'asar ta wuce suka dawo suka same shi a nan, nasu ne. Suka ja suka tafi. Bukar ya ci gaba da fifita.

A karo na goma sha huɗu ko sha biyar ne na ji warin. Gam in ya nuna yana da wani wari mai hawa kai, kamar an ƙona takalmin roba. Na ce, "Yanzu!" Na jefar da ƙarfe, na ɗora soket, ban sa bututu ba, sufanar kawai. Na dafa da tafin hannu na yi bisimilla na danna da nauyin jikina, a hankali, ba fizga. Sai na ji ƙas!

Ba wanda ya motsa. Ƙarar karyewa da ƙarar saki, a kunne duk ɗaya ne. Malam Bitrus ya rufe ido, leɓensa na motsi. Na ci gaba da juyawa da yatsu biyu. In ya karye, kan zai faɗo a juyi na biyu. Juyi na biyu ya wuce, na uku, na huɗu, yana da nauyi, yana tahowa. Ya fito ɗungurungum, yana hayaƙi, gam na bin sa kamar yauƙin kuɓewa. Daf da kansa ya murɗe ya sirance inda bututun Bukar ya ja shi. Da an ƙara dannawa sau ɗaya, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Bukar ya ce, "Allahu akbar," ya zauna a ƙasa daɓas. Ni ban samu zama ba. Na sa abin zare kwano na fitar da shi, na taɓa maganaɗisun ɗaya bayan ɗaya, suna nan daram. Na canja kwayil. Sannan na haska ramin karanshaf da tocilan. Bakin ya cinye sumul, amma can ciki ga tiredi nan lafiyayye, ba abin da ya taɓa shi. Tsohon notin ba zai koma ba, kasuwa kuma ta riga ta fara rufewa. Na jawo gwangwanin tsofaffin notuna da ke ƙarƙashin bencina na zazzage shi a ƙasa. Ban yi minti ɗaya ina tonawa ba na samu mai tsawon da ake so, tiredinsa daidai. Gwangwanin nan ya fi shekara goma a wurin. Malam Bitrus yana tsaye a kaina, ya ga inda na ɗauko shi.

Na tsaga wani tsohon noti da zarto na zura shi ciki da waje ya kwashe sauran gam ɗin. Na mayar da kwano, na ɗaure sabon noti, ya kama gam-gam tun daga juyi na shida. Na mayar da murfi da tanki. Har na ɗora ƙafa a kan kik, Bukar ya yi ihu, "Igiya, Ya Mala!" Na manta ta a cikin inji. A shekaruna na aiki ban taɓa yin haka ba sai ranar. Na zaro ta, na ɗaura fulogi, na buga. Shiru. Na sake bugawa, ya yi tari ya mutu. A na uku ya kama, ya ɗauka da ƙarfi, ƙararsa tsaf ba wani kaɗawa a gefen hagu. Daidai nan ladanin masallacin layinmu ya fara kiran la'asar.

Malam Bitrus ya gyara ɗaurin jakarsa ya hau. Na matso na ce, "Malam Bitrus, don Allah ka yafe mini." Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Na yafe, Oga Mala. Amma da ka gaya mini ranar nan, ai da na jira ka ka je kasuwa. Ni ba inda za ni."

Ya sa giya ya tafi. Washegari da hantsi ya kira wayar Bukar, ya ce yana cikin na ƙarshe da aka bari suka wuce kafin a ja shinge, ya kwana a Damboa, ya isa Biu lafiya. Ya ce a gaya mini injin bai yi ko tari ba a hanya.

Shi ne babur na ƙarshe da na gyara a garin nan. Abin da ya biyo baya, Allah kada ya maimaita. Layin da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar inji ya koma sai kukan awaki. Wata bakwai ina gyaran janareto da injin markaɗe, wani lokacin har keken ɗinki, abin da ko a mafarki ban taɓa buɗewa ba. Makanikai da yawa sun sayar da sufanunsu a kilo sun koma dako. Da keke napep ya fara yawa, ni da furfurata na koma ɗan koyo, ina leƙen yadda yaran da na girme wa suke sauke giyabokis. A hankali aiki ya dawo, har ga shi yau kuna cika mini rumfa kuna koya mini zamani. Gam kuwa yana nan a kan shiryayye, ina liƙa fitila da shi, ina liƙa murfin batir. Wanda na kama a cikinku ya kai shi kusa da tiredi, ya ɗauki takalminsa.

Bayan shekara huɗu Malam Bitrus ya dawo Maiduguri. Babur ɗin ya yi masa aiki a Biu har ya sayar ya haɗa ya sayi keke. Kun san shi ai, dattijon nan mai keke da baƙin labule, wanda ke zuwa duk ranar Asabar. Yakan tsaya a bakin rumfata ya kashe inji, ya sauko ya ba ni hannu, ya tambayi iyali da gwiwa, wani lokacin har ya kawo mini gyaɗa daga gida. In mun gama gaisawa, sai ya kama kan kekensa ya tura shi taku goma zuwa rumfar Bukar.